Ɗalibin Likita Da Jinyar Iyaye: Kada A Sakar Masa Shi Kaɗai

(Taken shiri)

   

Yau maganarmu a kan wasu 'ya'yanmu ce da ba kasafai ake jin kukansu ba: ɗaliban likitanci waɗanda mahaifi ko mahaifiya ke kwance da ciwo mai daɗewa, irin su shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda da ciwon suga da ya yi nisa da ciwon daji. Da su zan yi magana, amma fiye da su, da 'yan'uwansu zan yi: yayye da ƙanne da kawunnai da gwaggonni. Don haka in akwai ɗalibin likita a gidanku, ku ɗan matso kusa.

Mu fara da karatun kansa, domin yawancin mutanen gida abin da suka sani a kansa shi ne yana da tsawo, shi ke nan. A Najeriya shekara 6 ake yi kafin a sami digirin MBBS, in komai ya tafi daidai. Sau da yawa kuwa ba ya tafiya daidai. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba, na 2020 kuma ya kai wata tara. Shekarar farko kimiyya ce zalla. Daga nan a shiga sanin sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki, har da sa hannu a gawa ana koyo, sannan a zauna wata babbar jarrabawa da ta sha mayar da yara masu ƙoƙari gida ko ta sauya musu kwas. Wanda ya tsallake sai ya koma asibitin koyarwa. Ɗan Jami'ar Ahmadu Bello ya koma Shika, ɗan Bayero ya koma Asibitin Malam Aminu Kano, na Sakkwato da Maiduguri da Jos kowa da nasa. In an gama, akwai shekara guda ta aiki a ƙarƙashin manyan likitoci kafin hukumar MDCN ta ba mutum cikakken lasisi, sannan a tafi hidimar ƙasa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, wannan karatu ba a ramuwarsa a ɗaki. Ɗalibin tarihi in ya rasa lakca zai ari littafin abokinsa ya kwafa. Ɗalibin likita ba shi da inda zai aro jin bugun zuciyar mara lafiya, ko taɓa cikin da ya kumbura, ko tsayuwa a ɗakin haihuwa da tsakar dare. Akwai ɗan littafi da malamai ke sa wa hannu cewa ya ga kaza, ya yi kaza da hannunsa. Makin ci 50 ne cikin 100. Yawancin makarantu ba sa barin ɗalibi ya shiga jarrabawa sai halartarsa ta kai kashi 75. In ya faɗi ya sake, in ya kuma faɗi ya maimaita aji, daga nan ana iya sallamarsa gaba ɗaya.

To, sai ku ɗora jinya a kan wannan. Mai wankin ƙoda sau biyu ko uku ake kai shi a mako, kowane zama wajen awa huɗu, ban da layi da gwaje-gwaje, wani lokaci har da neman jini. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye ana so a riƙa juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa da ƙugunsa su yi gyambo, a kai shi gashi, a ba shi abinci a baki, a ɗora shi a fo, a wanke shi. Mai suga ga allura, ga awo, ga duba ƙafa kullum. Zazzaɓi yana da ranar tashi. Waɗannan ba su da ita, shekaru ake yi ana fama.

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Gaskiya ne. Amma a cikin taurar nan biyu, ɗaya ce kawai ba wanda zai iya taya shi taunawa. Babu yayan da zai je ya zauna masa jarrabawa. Jinya kuwa tana rabuwa, ana iya kasa ta gida biyar ko shida kowa ya ɗauki nasa. Abin takaici, a gidaje da yawa ba a kasawa, kuma dalilin guda ne: tun ranar da yaro ya sami gurbi aka fara kiransa Dakta. Da farko wasa ne da alfahari. Ranar da Baba ya faɗi sai sunan ya zama aiki. "Ai muna da likita a gida." Da wannan magana kowa ya zare hannunsa.

Bari in kawo muku misalin da za a samu a unguwanni da yawa. A ce yarinya ce 'yar aji biyar, tana sashen yara a asibiti, mahaifinta yana gida ɓarinsa na dama ya shanye. Da tsakar dare ta ji shi yana ƙoƙarin kira, maganar ba ta fita sosai. Ta tashi ta tarar shimfiɗa ta jiƙe. Umma na fama da ciwon baya, ba za ta iya ɗaga shi ba. Ita ce za ta cire zanin gado, ta goge masa jiki da ruwan ɗumi, ta shafa masa mai, ta juya shi ɗaya gefen ta tokare shi da filo. Da asuba ta dama koko mai kauri, ta zaunar da shi sosai, ta riƙa ba shi cokali ɗaya tana jira ya haɗiye kafin ta ƙara, saboda ta san in ya ƙware abincin huhu zai tafi. Ta ba shi maganin hawan jini, ta fita neman adaidaita. Kafin ta isa an fara zagayen duba marasa lafiya. Babban likita ya tsaya a kan gadon yaron da ta ɗauki bayaninsa jiya, ya ce ta gabatar. Ta buɗe baki, abin da ta karanta ya gudu. A daidai lokacin waya na rawa a aljihun farar rigarta. Yaya ne daga Abuja: "Dakta, an ce jikin Baba ya tashi, ke kina ina ne?"

Yayan nan ba mugu ba ne. Yana turo kuɗi duk ƙarshen wata, kuma a zuciyarsa ya sauke nauyi. Amma kuɗi ba ya juya mara lafiya da daddare. Malamin ma ba mugu ba ne, abin da ya gani shi ne ɗaliba mai makara da ba ta shirya ba, ba wanda ya gaya masa komai. Ita kuwa ba ta yi barci ba, kuma ƙwaƙwalwa a cikin barci take adana abin da aka karanta. Wanda ya kwana a tsaye ko ya haddace shafi goma, da safe sai ya nemi rabi ya rasa.

Akwai haɗari na biyu a cikin wannan suna na Dakta, kuma a kan mara lafiyan yake faɗawa. Ɗalibi ba likita ba ne tukuna. Doka ba ta ba shi ikon rubuta magani ba. Ko cikakken likita, ƙa'idar aikin ta hore shi da kada ya zama shi ne mai duba iyayensa, domin so da tsoro suna rufe ido. Amma a gida sai a ce, me za a je yi asibiti a bi layi, ga shi nan ya rubuta a sayo a kemis? Baba na kukan ciwon gwiwa, a matsa wa yaro, ya ce a sayo diclofenac ko ibuprofen, alhali irin waɗannan magunguna suna ƙara lalata ƙodar da ta riga ta raunana. Ko a ga Umma na gumi tana rawar jiki tana sambatu, a ce sugan ne ya hau a ƙara allura, alhali sauka ya yi, abin da take buƙata a lokacin ɗan abu mai zaƙi ne da awo. In abu ya ɓaci, yaron nan har ya tsufa yana ganin shi ya jawo. Kada ku ɗora masa wannan. Amfaninsa a gida yana da yawa ba sai ya rubuta magani ba. Zai iya bayyana muku abin da likita ya faɗa da Hausa, ya tsara lokutan shan magani a takarda, ya koya wa ƙannensa awon jini da awon suga, ya tsaya kai da fata a kan kada a haɗa maganin asibiti da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Sai kuma wani nauyi da ba wanda ke gani, kuma a ganina ya fi duk sauran ciwo. Ɗalibin likita ya sani. In aka karɓo takardar gwajin ƙoda, sauran 'yan gida lambobi kawai suke gani, shi kuwa tun a bakin ɗakin gwaji ya karanta ya gane inda aka dosa. Da safe malami yana koyar da matakan ciwon daji da yadda kowane mataki ke ƙarewa, abokansa na rubutu don jarrabawa, shi kuwa mahaifiyarsa ake siffantawa. Ya koma gida kowa ya zuba masa ido: "Yaya, me ya nuna?" In ya faɗi gaskiya a ce ya cika baƙin baki, ko a ce karatun boko ya rage masa tawakkali. In ya yi shiru ya kwana da abin shi kaɗai. Shi ya sa nake cewa, bayani mai nauyi a bar wa likitan da ke duba mara lafiya ya yi shi a gaban manyan gida. Yaron nan ɗa ne kafin ya zama komai, yana da hakkin ya zauna a gefe ya yi kuka kamar sauran 'yan'uwansa.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna tare a filinmu na lafiya da iyali, muna magana a kan ɗalibin likita mai jinyar iyaye.

Yanzu ga 'yan'uwa. A kira taro, na gaske, ba gaisuwa a WhatsApp ba. A ɗauko takarda a rubuta: wa zai kwana ranar kaza, wa zai kai wankin ƙoda, wa ke sayen magani, wa ke wanki, wa ke girki. Wanda ke nesa ya biya wanda zai tsaya a madadinsa, ko ya ɗauki hutu ya zo ya karɓi mako guda cur. A tambayi ɗalibin yaushe ne jarrabawarsa, a cire shi daga kwana tun wata guda kafin ta zo. Maza kuma, wanke mahaifi da ɗora shi a fo ba aikin mata ba ne. Sau da yawa ma dattijo ya fi samun sutura a hannun ɗansa namiji. Na faɗi wannan ne domin na san inda kayan ke sauka. In ɗalibin namiji ne, akan ce a bar shi ya yi karatu. In mace ce, sai a ce ai jinya sai mace, ta haɗa girki da wanki da kwana, wata ma ga miji ga goyo.

Ku duba asarar da ke cikin wannan. Hukumar MDCN ta ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Yarinyar da ta bar karatu a aji huɗu, ba wanda zai zo ya hau kujerarta, haka za ta tafi a banza. Mu ne kuma muke kai matanmu asibiti muna tambaya ko akwai likita mace. Daga ina za ta fito, in duk wadda ta kama hanya sai mun tsayar da ita a tsakar gida?

Maganar kuɗi ba zan daɗe a kanta ba, amma akwai ƙofofin da ba a ƙwanƙwasawa. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024 yana biyan kuɗin makaranta, ya ba da naira 20,000 a wata, ba ruwa a ciki, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Jihohi suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. A asibitocin koyarwa akwai sashen walwalar marasa lafiya, akwai hukumomin zakka kamar na Kano da Sakkwato. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Wani daga cikin yayye ya ɗauki wannan zirga-zirga, ya je ya tambaya. Kada a tura ɗalibin.

Kai kuma ƙanena ɗalibi, ke kuma ƙanwata ɗaliba, ga taku. Babban abin da ke kayar da irinku shi ne shiru. Kuna ganin faɗin halin gida tonon asiri ne, ko kuna tsoron a ce kuna neman uzuri. Ku je wurin malamin da ke kula da ajinku tun kafin abu ya lalace, ku tafi da takardar asibitin mara lafiyan, ku rubuta wasiƙa ku ajiye kwafi. Malamin da aka sanar a farkon zango yana da abin da zai iya yi: ya sauya muku ranar kwana, ya ba ku damar cike abin da kuka rasa. Wanda aka je wa bayan sakamako ya fito, sai dai ya ce Allah ya kyauta. Ku riƙe abokan karatu biyu ko uku da suka san halin da kuke ciki, waɗanda za su ajiye muku darasi su kuma lura in kun ɓace. In abin ya kai inda ba yadda za a yi, jami'o'i suna da tsarin jingine karatu na shekara guda. Ba abin kunya ba ne, kuma ya fi a kore ku. Amma a yi shi a rubuce, a jira amincewa ta fito. Wanda ya ɗauke ƙafa kawai ba takarda, a wurin makaranta ya gudu ne.

Ku kula da kanku. In kuka ga barci ya ƙaurace ko da an sami dama, abinci ba ya shiga, kuna jin haushin mara lafiyan sannan ku koma kuna zargin kanku, ko zuciya ta fara raya muku gara ma a huta da rayuwar, wannan ciwon damuwa ne, kun karanta shi a littafi, kuma yana da magani. Ku ga likita. Kada ku nemi ƙarfi a ƙwaya, hanyar da ba ta ɓullewa ce, kuma wanda ke yawo a asibiti ya fi kowa kusa da ita.

Na san abin da ke cin ran da yawanku. Kuna tsaye a kan mahaifin wani a asibiti, naku yana gida, sai zuciya ta ce wannan ba saɓa wa iyaye ba ne? Hakkin iyaye babba ne, Musulmi da Kirista duk sun san matsayinsa, ba mai rage shi. Amma hakki ne a kan duk 'ya'ya, ba a kan wanda ya fi sanin sunan magani ba. Malamai irin su Imamu Gazali sun lissafa ilimin likitanci cikin farillan da in ba wanda ya yi su a gari, kowa ya yi laifi. Wanda ya tabbatar an bar mahaifinsa a hannu nagari, ya tafi aji, ya dawo da yamma ya zauna kusa da shi ya matsa masa ƙafa, bai yi sakaci ba.

Iyayenmu da ke kwance, Allah ya ba ku lafiya, ku ma akwai abin da ke hannunku wanda ba ya hannun kowa. Ku kira yaron nan ku faɗa masa da bakinku: "Tafi makaranta, na yarda, Allah ya yi maka albarka." Ba ku san irin nauyin da wannan magana ke saukewa ba. Sai dai kuma kada a wuce gona da iri. Akwai uwar da za ta ce kada a gaya masa, yana jarrabawa, har ta ɓoye ciwo don kada a tayar masa da hankali. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko numfashi ya yi wuya, ba a jiran kowa ya fito daga jarrabawa, ba a jiran gari ya waye. A ɗauka a tafi asibiti nan take, a kira shi daga can.

Shugabannin makarantun likitanci, ku ma ina da roƙo. Yawancinku kun yi jinya, kun san abin da ake nufi. Kada taimakon irin wannan ɗalibi ya dogara da sa'ar haɗuwa da malami mai tausayi. A rubuta ƙa'ida, a sanar da ita tun ranar rantsar da sababbin ɗalibai: ga ofishin da za a je, ga takardar da za a kawo, ga yadda ake cike kwanakin da aka rasa. Ba wanda ya ce a rage makin ci ko a ɗaga wa wani ƙafa a gaban mara lafiya, domin rayukan mutane za a danƙa masa gobe. Lokaci kawai ake nema da kunnen da zai saurara.

Yaya babba, kai nake nufi, da ke Yaya da ke gidan miji, da Kawu da ake jin maganarsa. Kada ku jira ya roƙa, ba zai roƙa ba, kunya ba za ta bar shi ba. Yau da daddare ku kira shi ku tambaye shi yaushe ne jarrabawarsa, kuma wane dare ne zai fara kwana a makaranta ku karɓe shi.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.